Daga Shinaka Zuwa Zauren Majalisa: Hanyar da Doka Ke Bi a Abuja

Ranar Laraba 29 ga Satumba 2021, Sanata Ibrahim Abdullahi Gobir, mai wakiltar Sakkwato ta Gabas a lokacin, ya miƙe a zauren Majalisar Dattawa ya gabatar da ƙudurin gaggawa kan ɓarnar da 'yan bindiga ke yi a mazaɓarsa. Kwanaki kaɗan kafin nan an kai hari sansanin jami'an tsaro da ke Burkusuma a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Sanatoci suka tofa albarkacin bakinsu, daga ƙarshe majalisar ta yi kira ga Shugaba Muhammadu Buhari da ya ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Washegari Majalisar Wakilai ta yi irin wannan kira. Gidajen rediyo suka yaɗa labarin, mutane da dama a Isa da Gada da Goronyo suka ɗauka cewa an yi doka ke nan, sai jiran sojoji.

Kwana 18 bayan nan, ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo tana ci. Gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ce mutum 43 aka kashe. Ayyanawar da majalisa ta nema kuwa ba ta zo ba sai a ƙarshen Nuwamba, kuma ba daga majalisar ta fito ba. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ce ta yanke hukuncin bisa buƙatar gwamnati, aka buga shi a jaridar gwamnati a watan Janairun 2022.

Ba sanatan ne ya gaza ba, ya yi abin da tsarin ya ba shi dama a ranar. Amma abin da majalisa ta zartar a ranar kira ne, kuma kiran majalisa bai ɗaure shugaban ƙasa ba. In ya ga dama ya yi aiki da shi, in bai ga dama ba ya ajiye takardar. Abin da ke ɗaure shi guda biyu ne: dokar da aka sa wa hannu, da kasafin kuɗi, wanda shi ma doka ce. Mutumin Shinaka ta ƙasar Goronyo da bai raba waɗannan abubuwa ba zai yi ta tafa wa wakilinsa a kan abin da ba ya ƙullawa, ya bar tambayarsa a kan abin da ke ƙullawa.

Wa ke wakiltar wa

Mai katin zaɓe a Shinaka yana tura mutum uku majalisa. Na farko yana zuwa Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato mai kujeru 30. Na biyu yana zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma a nan Goronyo haɗe take da Gada a mazaɓa ɗaya, wadda Musa Sarkin Adar ya daɗe yana riƙe da kujerarta har zuwa 2023. Maƙwabta na Wurno da Rabah suna da tasu mazaɓar daban. Na uku shi ne sanata, wanda ƙananan hukumomi takwas ke tarayya a kansa: Goronyo, Gada, Wurno, Rabah, Isa, Sabon Birni, Illela da Gwadabawa. Tsofaffin 'yan siyasar yankin ba su manta da Sanata Sule Yari Gandi ba, wanda ya rasu a hatsarin jirgin ADC na 29 ga Oktoba 2006 tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. A zaɓen 2023 kujerar ta koma hannun Sanata Ibrahim Lamido.

Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Majalisar Dattawa, mai jan zaure, tana da kujeru 109: uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja. A nan Bayelsa da Kano daidai suke, komai bambancin yawan jama'arsu. Majalisar Wakilai, mai koren zaure, tana da kujeru 360 da aka raba bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano da Legas ke da 24 kowaccensu, Sakkwato ke da 11. Dabarar ita ce kada manyan jihohi su danne ƙanana, kada kuma ƙanana su riƙe wa mafi yawan jama'a wuya. Wannan tsari na shugaba mai cikakken iko da majalisa mai zaman kanta daga Amurka aka kwaikwayo shi a 1979, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki. Kafin nan tsarin Ingila ake bi, inda shugaban gwamnati da ministocinsa 'yan majalisa ne, suna zaune a zaure ana yi musu tambaya ido da ido. A ƙarƙashin wancan tsari ne ɗan Rabah, Sardauna Ahmadu Bello, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, yana kare manufofinsa a zauren Lugard da ke Kaduna. Yau minista ba ya shiga zaure sai an gayyato shi.

Sharuɗɗan shiga ba su da tsauri a takarda. Sanata ya kai shekara 35. Ɗan Majalisar Wakilai shekara 25, tun bayan gyaran da aka sa wa hannu a watan Mayun 2018, wanda ya rage daga 30. A sami ilimi daidai da na kammala sakandare, jam'iyya kuma ta tsayar da mutum. Wa'adi shekara huɗu ne, kuma ba a ƙayyade sau nawa mutum zai koma ba. Kowane zaure dole ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara, galibi daga Talata zuwa Alhamis, kuma zama ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar sun halarta, sandar majalisa kuma tana kan teburinta. Darajar wannan sanda ce ta sa wasu 'yan daba suka kutsa zauren Dattawa a Afrilun 2018 suka gudu da ita ana tsakiyar zama.

Kowane zaure shi ke zaɓen shugabanninsa. A majalisa ta goma, wadda aka rantsar ranar 13 ga Yuni 2023, Godswill Akpabio ne shugaban Dattawa, Barau Jibrin na Kano mataimakinsa, Tajudeen Abbas na Zariya kuma kakakin Wakilai. Sakkwatawa sun san nauyin wannan kujera, don Tambuwal ya riƙe ta daga 2011 zuwa 2015, ya kuma same ta ne ba da son jam'iyyarsa ta lokacin ba. A ƙasan waɗannan akwai shugaban masu rinjaye, da na marasa rinjaye, da masu tsawatarwa. Shi kansa Gobir ya zama shugaban masu rinjaye na Dattawa a 2022. Sai dai ƙarfin shugaban zaure ba a gudumar da yake bugawa kaɗai yake ba. Shi ke raba kwamitoci, kuma a kwamiti ake yin ainihin aikin.

Tafiyar ƙudurin doka

Misali mafi kusa da mutanen gabashin Sakkwato shi ne dokar da ta kafa Hukumar Raya Yankin Arewa maso Yamma, wadda ta shafi jihohi bakwai: Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa da Kaduna. Barau Jibrin ne ya jagoranci ƙudurin, Shugaba Bola Tinubu ya sa masa hannu a watan Yulin 2024, hedkwatar hukumar kuma tana Kano. Hujjar masu ƙudurin ita ce yankin da 'yan bindiga suka ɗaiɗaita yana buƙatar hukuma ta musamman, kamar yadda aka yi wa Neja Delta a 2000, aka kuma yi wa Arewa maso Gabas a 2017.

Ƙudurin doka yana iya fitowa daga fadar shugaban ƙasa, ko daga ɗan majalisa. Ƙungiya ko mutum ɗaya ma yana iya rubuta nasa, amma sai ya sami ɗan majalisar da zai ɗauka ya shigar. Karatu na ɗaya ba komai ba ne illa akawun majalisa ya karanta sunan ƙudurin. Ba muhawara, ba ƙuri'a. A nan ya kamata mai zaɓe ya buɗe ido, domin idan lokacin kamfe ya zo za ka ga allo ɗauke da hoton onarabul da jerin ƙudurori goma sha da ya gabatar, alhali yawancinsu a karatu na ɗaya suka kwana.

A karatu na biyu ne mai ƙudurin ke tashi ya faɗi dalilinsa, a yi muhawara kan manufar gaba ɗaya, sannan shugaban zaure ya nemi masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ma su ɗaga tasu, ya yanke wanda ya fi ƙara. Idan ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa. Kwamitin kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, inda ma'aikatu da ƙungiyoyi da masana ke kawo takardunsu. Ƙofar a buɗe take ga kowa, har ƙungiyar manoman albasa da tafarnuwa ta Goronyo ko ta masu noman rani na Wurno. Matsalar ita ce a Abuja ake zaman, da Turanci ake yi, sanarwar kuma a jaridun Turanci take fitowa. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ce ana iya gudanar da aikin majalisa da Hausa da Igbo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Shekaru fiye da 25 da dawowar mulkin farar hula, har yau da Turanci ake komai.

Kwamiti na dawo da rahotonsa, sai zauren gaba ɗaya ya bi ƙudurin sashe bayan sashe, a gyara na gyarawa, a yi karatu na uku, a zartar. Daga nan sai ɗaya zauren, a sake bin matakan. Idan abin da Dattawa suka zartar ya bambanta da na Wakilai ko da a jimla ɗaya ne, sai an kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita su, kowane zaure ya amince da sakamakon. Sannan akawun Majalisar Tarayya ya aika wa shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ce ya ƙi.

In ya ƙi, majalisa na da ikon tsallake shi, matuƙar kashi biyu cikin uku na kowane zaure sun sake zartarwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Fitaccen misali shi ne na shekarar 2000, lokacin da majalisa ta zartar da dokar Hukumar Raya Neja Delta ba da hannun Obasanjo ba. A Disambar 2021 kuwa da Buhari ya ƙi sa hannu a dokar zaɓe saboda sashen da ya tilasta wa jam'iyyu yin zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, an yi ta kurarin tsallake shi, daga baya majalisa ta cire abin da bai so, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022. Akwai kuma wani tarko da mutane ba su cika sani ba: duk ƙudurin da majalisa ba ta kammala ba kafin wa'adinta ya ƙare, ya mutu. Sabuwar majalisa sai ta sake ɗauko shi.

Tsawon tafiyar ya danganta da wanda ke turawa. Ƙudurin gyaran harkar man fetur ya shiga majalisa a 2008, bai zama doka ba sai 16 ga Agusta 2021. Ƙudurin dawo da tsohon taken ƙasa kuwa, Wakilai sun gama da shi a rana ɗaya cikin Mayun 2024, Dattawa suka bi bayansu, aka sa hannu ranar 29 ga watan, duka cikin mako guda. Duk wanda ya ce maka majalisa ba ta iya sauri, tuna masa da wannan.

Ruwa da 'yan sanda

Abin da ya sa Abuja ta shafi Shinaka kai tsaye yana cikin jadawali na biyu na tsarin mulkin 1999. A can aka jera abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu: soja, 'yan sanda, makamai, kwastan, shige da fice, ma'adinai, da ruwan da aka ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya. Dubi jerin da kyau, kusan duk abin da ke hana mutumin gabashin Sakkwato barci yana ciki.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gina a kan Gulbin Rima a shekarun 1980, tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, hukumar tarayya. Da ita ake noman rani na shinkafa da alkama da albasa a fadamun yankin, daga ita kuma birnin Sakkwato ke samun ruwan sha. Ambaliyar 2010 ta cinye garuruwa da gonaki a ƙasar Goronyo, a farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har hankalin hukumomi ya tashi. Kuɗin yashe ta da gyaran magudananta ba daga majalisar jiha suke fitowa ba, layi ne a kasafin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya, wanda kwamitocin ruwa na zaurukan biyu ke tantancewa. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa da gwamnatin Buhari ta yi ta kawowa ya sha kaye sau da dama, na ƙarshe a Dattawa cikin Yunin 2023, domin 'yan majalisa da yawa, musamman na Kudu da Binuwai, sun ɗauke shi a matsayin dabarar ƙwace bakin koguna. An yi ta cacar baki a kan ƙabila da makiyaya. Manomin da ke jiran a saki ruwa a kan kari bai samu shiga maganar ba.

Batun 'yan sanda ya fi wuya. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar. Shi ya sa askarawan da gwamnatin Sakkwato ta kafa a 2024 suke matsayin mataimaka, ba 'yan sanda ba. Kafa 'yan sandan jiha sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowane zaure, wato sanatoci 73 da wakilai 240, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. A nan ne ɗan majalisar jiha, wanda ake raina wa aiki, yake zama mai muhimmanci. A 2022 an aika wa jihohi ƙudurorin gyara 44, guda 35 suka tsallake. Cikin waɗanda suka faɗi har da na 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, abin da sai Kotun Ƙoli ce ta yi hukunci a kansa ranar 11 ga Yuli 2024. Majalisun jihohi ne suka kayar da shi, kuma kowa ya san wa suke saurare.

Dattawa suna da wasu ikoki da Wakilai ba su da su. Su ke tantance ministoci da jakadu da shugaban hukumar zaɓe, kuma ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da yardarsu. Mutanen bakin iyaka sun ga amfanin wannan a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, lokacin da ECOWAS ke maganar amfani da ƙarfi. Sanatocin Arewa suka fito suka nuna adawa, majalisar kuma ta ba shugaban ƙasa shawarar bin hanyar sulhu. Da an gwabza, Illela da Gada da Sabon Birni ne za su fara jin ƙarar. A can tsallaken kuwa sojoji sun rushe majalisar Nijar mai kujeru 171 tun daren juyin mulkin.

Inda kuɗin suke

Kasafin kuɗi ƙudurin doka ne kamar sauran, sai dai shugaban ƙasa ne kaɗai ke kawo shi, a zaman haɗin gwiwa na zaurukan biyu. Daga nan kowace ma'aikata da hukuma ta je gaban kwamitinta ta kare abin da ta nema. A wannan mataki ne lambobi ke canza kama. Kasafin 2025 ya shiga majalisa yana naira tiriliyan 49.7, ya fito yana tiriliyan 54.99, kodayake mafi yawan ƙarin fadar shugaban ƙasa ce ta nema da kanta.

Akwai naira biliyan 100 da aka saba warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa ba a ba shi kuɗin a hannu, aikin yake zaɓa, a saka shi a kasafin wata hukuma ta gwamnati, ita ta ba da kwangila. Daga nan ne rijiyoyin burtsatse da fitilu masu aiki da hasken rana da ajujuwa da baburan rabo suke fitowa. Saboda haka fitilar da aka kafa a bakin kasuwa aka manna mata hoton onarabul ba kyauta ba ce daga aljihunsa, kuɗin gwamnati ne. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin diddigin irin waɗannan ayyuka, ta kuma sha gano waɗanda aka biya kuɗinsu ba a yi ba, da kayan da aka ɓoye ana jiran lokacin kamfe. Bayan wannan biliyan ɗari akwai ayyukan da ake sakawa a kasafi ta hannun manyan kwamitoci, waɗanda suka ninka ta nesa ba kusa ba. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ya faɗa wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin naira tiriliyan uku da ɗoriya a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisa ta musanta, ta dakatar da shi wata uku.

A ganina nan ne mafi yawanmu muke yin asara. Muna auna wakili da buhun shinkafar azumi da kuɗin asibiti da kujerar Makka, shi ma ya gane haka, sai ya mayar da hankalinsa can. Ba wanda zai ce wa mai jin yunwa ya ƙi karɓar shinkafa. Amma ɗan majalisar da ya zauna a kwamitin ruwa ko na soja ko na kasafi, ya tsaya kai da fata har aka saka gyaran madatsa ko hanyar da ta haɗa ƙauyuka da kasuwa, ya kuma yi amfani da ikon bincike da sashe na 88 ya ba majalisa ya kira shugaban hukuma ya zo ya yi bayanin inda kuɗin suka shiga, ya yi wa mazaɓarsa abin da tirela goma ta shinkafa ba za ta yi ba.

Tsarin mulki ya tanadi kiranye, amma hanyar tana da tsauri: sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Dino Melaye a 2018, an sake gwadawa a kan Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, duka a Kogi, duka kuma ba su kai ko'ina ba. Ƙuri'ar murya ma tana taimaka wa ɗan majalisa ya ɓuya, tunda ba a rubuta wanda ya ce e da wanda ya ce a'a. Ko dokar ta-ɓacin da aka ƙaƙaba wa Jihar Ribas a Maris 2025, wadda ke buƙatar kashi biyu cikin uku, da murya aka amince da ita.

Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne tambaya da takarda. Kowane zaure yana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a, kuma wakili ne ke gabatar da koken mutanen mazaɓarsa a zaure. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi bayanin kwangila, hukumar kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Kundin kasafin kuɗi yana shafin intanet na Ofishin Kasafi na Tarayya, ɗalibi ɗaya mai waya zai iya nemo kalmar Goronyo ko Wurno ko Rabah ya karanta wa dattawan gari abin da aka rubuta da sunansu.

Don haka jama'ar Shinaka, idan wakilinku ya zo gaisuwar sallah ko ta'aziyya, bayan an gaisa ku tambaye shi kwamitocin da yake ciki, da ƙudurinsa da ya wuce karatu na biyu, da abin da aka ware wa madatsar Goronyo a kasafin bana da nawa aka saki daga ciki, da kuma ɓangaren da zai tsaya idan maganar 'yan sandan jiha ta zo ƙuri'a. Ku sa matasanku su rubuta amsar da kwanan wata, ku ajiye ta har zaɓe mai zuwa.